Tafiyar Sayen Jarida

Zuwa ga Yayarsu,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina fatan kin sauka lafiya, direba bai yi gudun banza da ku ba, kuma man gyaɗar da mamanki ta cusa miki a jaka bai zube a kan takardunki ba. Allah ya tsare ki a baƙon wuri, ya haɗa ki da maƙwabta nagari da shugaban makaranta mai haƙuri, ya sa ki fara aikin koyarwa da ƙafar dama.

Za ki ce me ya hana Baba ya faɗi wannan da baki, alhali gida ɗaya muka kwana. Kin san dalili. Ke ce 'yar fari, ni kuwa a hannun tsohuwa na tashi, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba. A wurinta uban da ya zauna yana hira da ɗan fari, ko ya yabe shi a gaban mutane, ya zubar da kunyarsa. Shi ya sa duk Samaru ke ce mini Baban Dauda, ko da yake Dauda ƙanenki ne. Shi ya sa kike Yayarsu a bakina tun ran da aka haife shi. Kafin nan kuwa “ke” ce kawai.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne ran Lahadin nan. Bayan sujada fasto ya kira ki gaba don a yi miki addu'ar tafiya, ya yi kuskuren miƙa miki makirfo. Kika gode wa Allah, daidai ne. Kika gode wa mamanki a jimla ɗaya. Sai kika juya kan Malama Nkechi, malamar ajinku ta sakandare, kika yi ta zuba har matan zumunta suka fara share hawaye da bakin zane. Kika ce ita ta tashe ki daga gadon jinya, ita ta mayar da ke makaranta, kuma ba don dabararta ta tafiyar sayen jarida ba, da har yau ba ki iya tsallaka titi ba. Ni kuma na samu shiga a cikin “da sauran 'yan'uwa da abokan arziki”, sahu ɗaya da mai gadin coci. Na tafa miki, irin tafin ɗan takarar da aka kayar yana taya abokin hamayya murna.

Kishi nake yi, ga shi na rubuta da hannuna. Na yi ritaya daga aikin laburare, na karanta littattafan da za su cika ɗakinki har rufi, amma ina kishi da malamar lissafi mai zuwa gidana da lemo a leda. Tunda yanzu kin zama malama, kuma ba makawa za ki gamu da iyaye irina, gara in nuna miki yadda muke daga ciki. Kwalejin da kika yi ba ta koyar da wannan.

Kina aji biyu ɗan acaɓa ya kwashe ki a bakin titin Samaru, kina tsallakawa za ki shiga bas ɗin Sabon Gari. Cinya ta karye, aka kwantar da ke a asibitin Shika. Kin tuna mamanki a gefen gado. Ni ba ki tuna da ni ba, don ina baranda. Nan nake wuni, inda nake jin muryarki ta taga ba tare da kin gan ni ba. In an fito da kwano sai in leƙa in ga nawa kika ci.

A barandar nan na fara ganin Malama Nkechi. Ta taho da sauri, jaka a kafaɗa, tun daga nesa take ƙwala kiran sunanki kamar mai talla. Ta shige ciki ta rungume ki, na ji kin yi dariya, wadda ba ki yi ba tun ran hatsarin. Da ta fito ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ta kasuwa:

“Oga, kai ne baban yarinya?”

Na ce ni ne.

“To me kake yi a waje? Ka shiga mana! Tana tambaya ina babanta.”

Sai kuma ta kira ni baban wance, ta haɗa da sunanki, a gaban nas-nas da masu jinya. Na yi kamar da wani take. Na gode mata da Turanci mai sanyi, irin wanda nake yi wa ɗalibin da ya dawo da littafi a yage, na ce muna sane da halin da ake ciki. Ta tafi da tabbacin ta ga uba marar zuciya. Ni ma na ce a raina ga mace marar tarbiyya. Haka muka riƙe juna wata da watanni.

Ga shawarata a nan. Idan ɗalibinki ya kwanta kika je dubiya, kada ki auna iyaye da inda kika same su a tsaye. Wani uban yana kuka a gaban kowa, gobe ba a ƙara ganinsa. Wani yana baranda kamar mai jiran mota, shi ne bai bar harabar ba tun safe. Kin je ƙasar da ba taku ba, suna da nasu hanyoyin. Ki gaida babba kafin ki wuce wurin yaro, ki tambayi yadda ake kiransa, ki kira shi haka. Wannan 'yar tambayar da ta rage mana wahala mai yawa.

Da aka sallame ki, zangon karatu ya riga ya wuce ki. Malama ta ɗauki aikin zuwa Samaru bayan an tashi makaranta. Daga Sabon Gari ta shigo bas, ta ratsa cunkoson Hanwa, ta iso da ƙafa duk ƙura, ta zauna a tabarma kusa da ke kuna lissafi. Ba wanda ya sa ta. Mutumin kirki da sai ya gode. Ni sai na ga an shigo mini gona. A gidan ma'aikacin laburare, wata ce za ta zo daga waje ta koya wa 'yarsa karatu?

Lissafi ya fi ƙarfina, don haka na nemi inda zan kama ta. Na ɗauko wani tsohon littafi na dabarun koyarwa, na yi kwanaki ina nazari, ran nan na tsaya a ƙofar falo na yi mata lacca. Na ce tana saurin wucewa, tana yawan yabo, kuma masana sun nuna yabo barkatai yana lalata yaro. Ta bari na gama, ta ce:

“Oga, masanan nan sun taɓa kwanciya da ƙarfe a ƙafa?”

Mamanki ta yi dariya daga kicin, ta mayar da ita tari. Ke kuwa kika rufe littafi, kika juya fuska bango. Makon nan gaba ɗaya ba ki taɓa biro ba. Mu biyu muna jan igiya, mun manta a jikinki aka ɗaura ta.

In uba ya zo yana miki gyara a kan aikinki, kada ki ɗauka ya raina ki. Yawanci tsoro ne ya sa kaya masu kyau ya fito. Ya ga ɗansa yana narkewa, ya rasa abin yi, ke kuma kin zo kina da abin yi. Ki ja shi waje ku yi gardamarku inda yaro ba ya ji. Sa'an nan ki ba shi aiki, ko da riƙe agogo ne. Mutumin da aka ba aiki ba ya samun lokacin yin lacca.

Tunda ba a ba ni ba, sai na ƙirƙiro wa kaina. Littattafan labarai da kike tsinta a ƙarƙashin filo, waɗanda kika gode wa Malama a kansu har ta rasa abin cewa, ni nake ba mamanki ta ajiye. Karatun da nake yi da ƙarfi da yamma a ƙarƙashin tagarki, wanda Dauda ya ce Baba ya fara yi wa kaji wa'azi, ba don kajin nake yi ba. Ban faɗa don ki biya ni ba. Na faɗa don ki san cewa a kowane gida akwai mai yin wani abu a ɓoye, kuma malamin da ya gano shi ya sami abokin aiki kyauta.

Yanzu ga babban. Ƙafa ta warke, kina takawa da sanda ɗaya, lissafi ya dawo, amma kika ƙi komawa makaranta. Kullum da dalili: ciwon kai, ciwon ciki, takalmi ya matse. Malama ta yanke cewa kunyar sanda kike ji, kina tsoron 'yan aji su yi miki dariya. Mamanki ta yarda da ita. Suka shirya ranar komawa: 'yan ajinku suka koyi waƙar maraba, aka rubuta sunanki da manyan baƙaƙe a kwali, Malama da kanta ta ce za ta zo ta ɗauke ki.

Ni na san ba sanda ba ce. Mai zaman baranda yana ganin abin da na cikin ɗaki ba ya gani. Na lura duk sa'ad da babur ya wuce ta layinmu, cokali yana tsayawa a hannunki, kafaɗunki su ɗaga, sai ƙarar ta ɓace kike haɗiye abincin. Na lura kina zuwa ko'ina a cikin gida, amma ba kya kusantar ƙofar waje. Titi kike tsoro. Na sani sarai, na kuma yi shiru. Na ce wa kaina ai ba a tambaye ni ba. Gaskiyar ita ce ina son in ga ranar da gwanar nan za ta gwada abu ya ƙi.

Na gani kuwa. Ta riƙo hannunki har bakin titi, inda abin ya faru, da safe lokacin da 'yan acaɓa suka fi hauka. Kika ƙame. Tana cewa “taho, 'yata, taho,” tana ja, kika durƙusa kika yi amai a kan takalminta. A keke aka dawo da ke. Kika koma gado, kika daina magana da kowa, har da ita. Na samu abin da nake so, sai ga shi ba ya ciwuwa.

Mamanki ce ta gane. Ta same ni a baranda da rana, ta tsaya a kaina ta ce:

“Baban Dauda, fuskarka ba ta yi mamaki ba ran nan. Me ka sani?”

Na gaya mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ta ɗauko mini hula da takalmi ta ajiye a gabana, ta ce, “Sabon Gari. In ba ka je ba, ni zan je in ce mijina ya aiko ni don shi ƙafarsa ta karye.”

Gidan Malama yana bayan shagon mijinta na kayan gyaran mota, ko'ina warin baƙin mai. Na same ta tana tuƙa abinci. Mijin, wanda a Zariya ya girma, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan cocinmu, ya ba ni benci, ya kawo goro, ya yi masa doguwar addu'a da yarensu kafin ya fasa. Na ci goron, na ce:

“Malama, ba sanda ba ce. Ƙarar babur ce, da titin.”

Ta ajiye muciya. “Tun yaushe ka sani?”

“Tun kafin a koyi waƙar.”

“Ka sani, ka bar ni na ja yarinya har bakin titi?”

“Ba ki tambaye ni ba.”

“Oga, abeg! Yaya zan tambayi mutumin da ko sunan 'yarsa ba ya iya faɗa? Na kira ka da sunanta ka juya mini ƙeya!”

Sai mijin ya fashe da dariya har yana buga cinya. Ya ce, “Nkechi, 'yar fari ce fa. Bahaushe ba ya kiran ɗan fari, ba ya zama kusa da shi. Kunya ce. Wanda suka fi so shi suke yi wa haka.”

Ta juya kansa. “Kai ma ka sani? Kullum ina dawowa ina zagin mutumin nan a gabanka, ba ka faɗa mini ba?”

Ya ce, “Ni ma ba ki tambaye ni ba.”

Ta zauna a kan turmi. Can ta ce, “Wato duk tsayuwar nan a baranda...”

Na ce, “Ita ce zaman da na iya.”

Ta ce, “Mu a garinmu da sunan ɗan fari ake kiran uba. Shi ne rawaninsa. Girma nake ba ka, kana ji kamar zagi.”

Abincin ya kama a tukunya muna zaune. Ranar ce muka fara magana a kanki kamar mutane biyu masu ɗa ɗaya. Ta faɗi abin da ta sani na aji, na faɗi abin da na sani na gida, sai ga shi rabi da rabi ne.

Ki riƙe wannan fiye da sauran. Duk yadda kika ƙware, yaron da ke gabanki rabinsa kike gani. Ɗaya rabin yana gida, a hannun mutanen da wataƙila ba su iya karatu ba, ko sun iya har ya yi musu yawa. Kafin ki shirya wa yaro mai farfaɗowa wani abu, ki je ki tambaya: me kuka lura da shi, me yake ci, me ke firgita shi? Ki tambayi mai surutun gidan, ki kuma nemi mai shirun. Kada ki jira su kawo miki. Wasunmu girman kai ya yi mana nauyi, sai an zo an sauke mana.

A bencin nan aka haifi tafiyar sayen jarida, kuma ki buɗe kunne da kyau: ni na haife ta. Mai jarida yana tsallaken titi. Na ce zan riƙa fita kowace safiya, ke kina biye, mu ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Amma ni ba zan iya cewa ki raka ni ba, kuma ko na faɗa, a lokacin maganar Malama kawai kike ji. Sai ta mayar da shi aikin gida: ki bi babanki, ki kawo mata kanun labari ɗaya a rubuce. Na sa ta yi alkawari ba za ta taɓa cewa daga wurina ya fito ba.

Kin tuna yadda muka yi. Ina gaba, hannu a baya, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Kin ɗauka ban damu ba. Ƙarar sandarki nake saurare. In ta yi daidai, mu ci gaba. In ta fara rawa, sai in tuna na bar tabarau a gida, mu juya. Kin yi ta ba mamanki labarin Baba ya fara tsufa, kullum sai ya manta wani abu. Tabaran yana aljihuna. Farko ƙarshen layi muke kaiwa, daga baya wurin mai ƙosai, daga baya bakin kwalta mu tsaya muna kallon motoci kamar baƙi daga ƙauye. Kullum ina ɓangaren da babur zai fito. Ranakun da ba mu kai ba, sai in koma da rana in sayo jaridar don ki sami abin rubutawa. Malama kuma tana can tana gyara miki wuri a aji, ta sa aka sauke waƙar, aka yage kwalin. In mun haɗu a ƙofa sai ta ce, “Oga, yau ina kuka kai?” In ce, “Mai ƙosai.” Ta ce, “Gobe kwalta.” In ce, “Jibi.” Ta bi maganata.

Ranar da kika tsallaka, ban san za ki yi ba. Na sa ƙafa a kwalta, na ji sanda a bayana ba ta tsaya ba. Babur ya wuce ta gabanmu, sandar ta ɗan yi shiru, ta ci gaba. Da muka kai, na karɓi jarida na buɗe shafin wasanni, ni da ban san ɗan ƙwallo ko ɗaya ba, na rufe fuska da shi har idona ya washe. Mai jarida ya ce, “Malam, yau ƙungiyarka ta ci ke nan?” Na ce ta ci. Ke kuwa da muka koma gida kika ce wa mamanki ta kira miki Malama a waya, kika yi ta ihu kina ba ta labari, ina zaune a wajen taga ina jin yadda ake yabon dabarata da sunan wata.

Malama Nkechi mutuniyar kirki ce, ba zan rage mata komai ba. Ta yi aikin da ba a biya ta ba, ta sha laccata, ta wanke takalminta ta dawo. Laifinta ɗaya, ta cika riƙon alkawari. Ke kada ki yi haka. In yaro ya warke a hannunki, za a yabe ki, kuma yabo yana da daɗi. Ki ɗebi naki, ki mayar wa gida da nasu. Ki gaya wa yaron abin da uwarsa ta yi, abin da ubansa ya yi, ko sun ce kada ki faɗa. Ke shekara ɗaya ko biyu za ki yi da shi. Su ne zai zauna da su, bai kamata ya girma yana zaton baƙuwa ta fi su sonsa ba.

Malama ma ta gaji da riƙon alkawarin. Ran Lahadi da aka tashi ta tare ni a bakin coci, ta ce, “Oga, na ga tafin da ka yi. Yarinya za ta tafi tana tunanin kai gunki ne. Ka faɗa mata, ko ni in faɗa, kuma ni in na faɗa sai na ƙara gishiri.” Na ga gara in faɗa da kaina.

Ki riƙa kiranta, ta cancanta. Amma in kin gama da ita, ki kira mamanki ki ce ta sa wayar a sifika. Zan kasance kusa, ina karanta jarida. Ba sai kin ce komai da ni ba.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare ki daga sharrin hanya da na baki, ya ba ki ɗalibai masu ji da iyayen da suka fi ni sauƙi. In kin zo tsallaka titi, ki duba hagu da dama, ki sake dubawa. Mamanki da Dauda suna gaishe ki.

Malamarki ta taɓa kirana da wani suna na juya mata ƙeya. Tsohuwa ta gafarta mini, yau na amsa.

Ni ne,
Baban Rahila